Baffa Ya Ce In Rubuto Hujja

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Wasunku sun dame ni da tambaya, wai Hajja Raliya, yaya aka yi kika tafi Maiduguri karatu alhali an riga an sa ranar aurenki? To ku gyara zama, yau zan faɗa muku yadda aka yi tun daga tushe.

A shekarar da aka canza hannun tuƙi ne, lokacin Yola tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an je Maiduguri. Ina ajin ƙarshe a kwalejin horar da malamai mata, shekarata goma sha tara. Gidanmu yana cikin tsohon garin Yola. Mahaifina ya rasu tun ina goye, sai yayansa, Baffa Ɗanburam, ya riƙe mu ni da Dada, wato mahaifiyata. Baffa ya daɗe yana aikin rubutu a kotun alƙali kafin ya ajiye, kuma kotun ba ta taɓa fita daga jikinsa ba. Ko yara ne suka yi faɗa a kan goruba, sai ya ji ta bakin kowa kafin ya ce uffan.

Sai kuma Jibrilla. Malamin dabbobi ne, gidansu a Jimeta, aikinsa yawon rugage yana yi wa shanu allura, daga Ngurore har can gindin duwatsu. Dogo ne siriri, mai wushirya, in zai yi magana sai ya ɗan yi shiru tukuna kamar yana auna ta a baki. Hamma nake ce masa, don bakina ba zai iya kama sunansa ba. Kada ma wani ya zaci an tilasta min. Ni na ce ina so, ta bakin Dada, kaina a ƙasa kamar zan nutse. Baffa ya ba iyayensa alkawari, aka sa rana bayan girbi. Ku 'yan yanzu da kun yi kewar mutum sai ku danna waya. Mu kuwa sai dai kunne ya yi ta jiran ƙarar babur ranar Alhamis bayan la'asar, kuma in na jiyo ta sai in yi kamar ban ji ba, in ci gaba da tsince shinkafa, zuciyata tana dakan tara-tara.

Ana cikin ƙarshen damina shugabar kwaleji ta kira ni ofishinta. Ta ce gwamnatin jiha za ta ɗauki 'yan mata kaɗan su je Maiduguri shekara biyu, su koyi yadda ake horar da malamai, su dawo su koyar a kwalejojin mata. An sa sunana. Za a fara karatu da shigowar sabuwar shekara.

Ranar Asabar na zo gida na tarar da Dada a tsakar ɗaki ta baje kayan jerena, tasoshi da kwanuka masu furanni ja, tana goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Ga atamfofi a kan gado, ga ƙanshin turaren wuta da take haɗa min ya cika ɗakin. Na durƙusa na faɗa mata, na ƙara da cewa ina so a ɗage auren sai na dawo.

Tasa ta kusa suɓuce mata.

"Raliya, kina da hankali kuwa? An sa rana, dangi sun ji har Garwa, sannan ki ce a ɗage? Da wane ido zan dubi mutane?"

"Dada, shekara biyu ce kawai."

"Kawai? Ke ce kika san kawai."

Kafin magariba magana ta kai zaure. Baffa ya aiko a kira ni. Yana zaune a kan buzunsa, ga buta, ga carbi, ga tabaraunsa da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Na zube a gefe, na buɗe baki zan yi bayani, sai kuka ya riga ni. Na yi ta yi, ina cewa an ƙi ni, ba a son ci gabana, da mahaifina yana raye da ba a yi min haka ba. Ku ji fa, a gaban mutumin da ya goya ni a kafaɗa ya kai ni aji ɗaya.

Bai tsawata min ba. Ya bari sai da na gaji don kaina.

"Kin gama?"

Na gyaɗa kai.

"Na ga masu kuka da yawa a kotu, 'yata. Wasu suna da gaskiya, wasu ba su da ita, kuma hawayensu duk iri ɗaya ne. Ke 'yar makaranta ce. Je ki rubuto min abin da kike so da dalilinki, da Hausa, ki karanta min da bakinki ranar Juma'a ta sama, bayan an sauko masallaci. In maganarki ta tsaya da ƙafarta, zan saurare ta. In ta faɗi, ki rungumi aurenki, kada in ƙara jin zancen Maiduguri. Kin yarda?"

Na ce na yarda. A raina har murna nake, don rubutu ai gonata ce.

Ranar Lahadi na cika shafi huɗu. Litinin bayan an tashi na kai wa Malama Keturah, don ta yaba min. Ita ke koya mana rubutun insha'i, mutuniyar Numan ce, gajera mai faɗin kafaɗa, kullum cikin siket da riga masu guga kamar za su yanke ka, da jan biro a maƙale a gashinta. Hausarta irin ta Jimeta ce, ba ruwanta da bambanta "ka" da "ki", amma zan gyara muku a nan don kada ku rikice. Duk kwalejin ana tsoronta, ni kuwa har tafiyarta nake kwaikwaya.

Ta karanta a tsaye, a inuwar darbejiyar da ke bakin aji. Ta gama, ta dube ni ta saman ido.

"Raliya, wannan kuka ne kika yi da biro."

Na ji kamar ta watsa min ruwan randa.

"Zauna. Rufe takardar. Faɗa min a jimla ɗaya, me kike so Baffanki ya yi?"

"Ina so ya gane cewa ilimin mace yana da…"

"Ban tambaye ki abin da zai gane ba. Me zai yi?"

Na ce, "Ya ɗage aurena shekara biyu, ya bar ni in je Maiduguri."

"To ga maganarki nan, kuma na karanta shafi huɗu ban same ta ba. Ita za ki fara ajiyewa a sama, ƙarara. Mutum ba zai yarda da ke ba in bai ma san me kike nema ba."

Ta ciro jan biron ta buɗe shafi na biyu.

"Nan kin ce kowa ya san ana bukatar malamai mata. Wane ne kowa? Ina gidansa? In Baffanki ya ce a kira shi, wa za ki kira?"

Dariya ta so kama ni, na danne.

"Duk dalilin da kika kawo, ki kawo masa mai tsaya masa. Abin da kika gani da idonki, ko mutumin da za a iya zuwa a tambaya. Dalilin da ba shi da shaida, cire shi, ko da ya yi miki daɗi a kunne. Dalili biyu masu ƙarfi sun fi wannan tarin da kika jibga."

Ta ja layi ta soke kusan rabin shafin, har da jimlar da na fi so, wadda na kwatanta kaina da tsuntsuwa a keji. Sannan ta zo shafi na ƙarshe, fuskarta ta canza.

"Wannan kuma fa? 'Masu hana mace karatu mutane ne da ba su waye ba.' Wa ya hana ki karatu?"

"Ai… mutanen gida."

"Wa ya sa ki a makaranta?"

"Baffa."

"Wa ya bar ki kika zo kwaleji, lokacin da sa'o'inki suke da goyo?"

Na sunkuyar da kai.

"Kin ƙera wani mugu da hannunki, kin yi ta dukansa, kin ce kin yi nasara. Baffanki zai ji wannan ya ce ba da shi kike ba, kuma gaskiyarsa. Je ki nemo ainihin abin da ke damunsu. Ki rubuta shi da kyau, yadda in sun ji za su ce, eh, haka muke nufi, har ta fi mu iya faɗa. Sai bayan nan ki ba da amsa. In ba ki iya faɗin maganar abokin gardamarki ba, ba ki isa ki amsa ta ba."

Ta miƙo min takardar, ta yi ja kamar an yanka kaza a kai. Na karɓa ina jin haushi, amma wallahi kafin in kai ɗakin kwana na san ta yi min gata.

Shaidata ta farko na san inda take. A farkon shekarar an tura ni gwajin koyarwa a firamaren Mbamba. Ranar da na fara shiga aji huɗu, 'yan mata ba su cika benci ɗaya ba. Kafin in gama sai da aka aro wani benci daga ajin kusa. A lokacin na ɗauka iyawata ce. Ranar Laraba na nemi izini, na bi wata motar ɗaukar kaya na tafi, in ji dalili daga bakin masu shi.

Shugaban makarantar, Malam Zadok, ya raka ni gonar wani dattijo, Malam Bobboyi, wanda 'ya'yansa mata biyu suke cikin waɗanda suka dawo. Muka same shi a cikin dawa, ta yi tsayi ta fi shi. Na gaishe shi da Fulatanci, na tambaye shi.

Ya jingina fartanyarsa ya ce, "Na cire su ne don sun fara girma, kuma duk malaman maza ne. Da aka ce min 'yar gidan Ɗanburam ce a gaban allo, da mayafinta, sai na ce su koma. Da kika tafi na sake cire babbar."

Gabana ya faɗi. Yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajin.

"Baba, in na ambaci sunanka a gaban Baffa, ka yarda?"

"Ambata mana. Ya san ni, tare muka yi karatun allo."

Malam Zadok ya ƙara min da cewa ya sha roƙon a turo masa malama mace, amsar kullum ita ce babu, ba su isa ba. A hanyar dawowa, ina zaune a kan buhun masara, maganar ta ɗinke min da kanta. Ni kaɗai aji ɗaya zan iya tsayawa. In na koyo horar da malamai, duk shekara zan fitar da masu tsayawa a ajujuwa da yawa.

Damuwar Dada na riga na ji ta, bakin mutane. Ta Baffa ma ba ɓoyayya ba ce, ya ba da alkawari, kuma bai taɓa tashinsa ba. Saura mutum ɗaya.

Ranar Alhamis na koma gida da yamma. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na ɗaura kallabi, na yafa farin gyale, na zizara kwalli kaɗan. Babur ya tsaya. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙaramin zaure, shi a wancan gefe, ni a wannan. Ya sa farar riga 'yar shara, hularsa ta ɗan karkace, hannunsa da ɗan ƙanshin maganin shanu da sabulu bai gama cirewa ba. Labari ya riga ya kai masa, amma bai nuna a fuska ba.

"Malama, an ce kin kai mu ƙara."

"Hamma, ba wasa nake ba. Taimako nake so."

Na bayyana masa abin da Malama Keturah ta ce. Na roƙe shi ya zama abokin gardamata, ya kawo min dalili mafi ƙarfi da zai hana a ɗage auren, kada ya tausaya min. A zuciyata na shirya amsoshi. In ya ce nisa, ga mota. In ya ce zan canza hali, in rantse masa.

Ya ɗago ya dube ni.

"Mafi ƙarfi kike so?"

"Shi."

"To. Idon Innata yana tafiya. Na kai ta asibiti kafin damina, likita ya ce yanar ido ce ta rufe shi, kuma a nan ba su da mai yin aikin. Yanzu da rana tana gane mutum in ya matso. Ya ce kafin shekara ta zagayo, da wuya ta ƙara ganin ko da inuwa. Ni kaɗai ne ɗanta namiji. Kullum maganarta, tana so ta ga fuskar matata a cikin gidanta da idonta. In aka ɗage shekara biyu, za ki dawo ta shafa fuskarki da hannu ne." Ya gyara zaman hularsa. "Sannan ni ina kwana a daji, wani lokaci mako guda. Ƙanwata da ke kula da ita za ta tare gidan mijinta bayan Sallah. Shi ke nan. Wannan shi ne dalilin."

Duk amsoshin da na shirya suka watse.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Ban so in ɗaure ki da shi ba. Da na faɗa tun ranar da na ji zancen Maiduguri, da kin fasa don kunya, ki zauna a gidana kina tuna abin da kika bari. Amma yanzu kin tambaye ni kai tsaye. In na ba ki ƙaramin dalili don ki ji daɗin rushe shi, na cuce ki, na cuci Inna."

"To kai me kake so?"

"Ina so ki je. Ina kuma so Inna ta gan ki. Duka biyun nake so, ban san yadda za a haɗa su ba. Ke ce mai biro."

Masu karatu, na sha jin kalaman soyayya a rayuwata, a littafi da a rediyo, amma ban taɓa jin wanda ya kai wannan ba. Mutum yana riƙe da maganar da za ta ba shi nasara a take, ya ɓoye ta don kada ya ci ni da ita, da na nema kuma ya miƙo min ita cikakkiya. Da ya tashi tafiya ban iya ko yi masa sai da safe ba. Ina jin ƙarar babur ɗin har ta ɓace wajen hanyar Jimeta.

Washegari na tare Malama Keturah kafin a shiga aji. Na ce mata na samo hujjar da ba zan iya rushewa ba.

"Gaskiya ce?"

"Gaskiya ce."

"To me ya sa kike so ki rushe ta? Ba kokawa kike yi ba. In hujjar wancan gefe ta fi taki, ki amince da ita a fili, ki koma ki duba jimlarki ta sama. Wataƙila ita ce ke bukatar gyara."

"In kuma akwai abin da ba ni da amsarsa fa?"

"Ki rubuta cewa ba ki da amsarsa. Mai sauraro ya fi yarda da wanda ya san iyakarsa."

Na yi kwanaki ina rubutawa ina yagawa. Da na zauna da kyau sai na ga ashe ɗage aure ba shi ne bukatata ba. Maiduguri ce bukatata. Ni na liƙa su tare don na ɗauka matar aure ba ta zuwa makaranta, alhali Malama Keturah kanta da ɗanta na fari a baya ta yi nata karatun a Zariya. Shafi huɗu suka koma ɗaya da rabi.

Ranar Juma'a, bayan an sauko, Baffa ya zauna a buzunsa da babbar rigarsa fara da rawani. Ya sa an kira Jibrilla, yana rakuɓe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Dada tana bayan asabari, ina jin motsin awarwaronta. Na durƙusa, takarda a hannuna.

"Bisimilla," in ji Baffa.

Na karanta. "Baffa, abin da nake nema shi ne a ɗaura aurena a ranar da ka sa, in tare, sannan da shigowar sabuwar shekara a bar ni in je Maiduguri karatu a matsayin matar aure, ina dawowa gida duk hutu."

Na ji Dada ta sauke numfashi. Baffa ya ɗaga gira.

Na kawo zancen Mbamba, da abin da Malam Bobboyi ya faɗa, kalma da kalma, har da babbar 'yarsa da ya sake cirewa. Na kawo na Malam Zadok. Na kawo Malama Keturah a matsayin wadda ta yi karatu da aure, ta dawo gidanta lafiya, kuma tana nan Jimeta in ana son tambayarta. Sannan na juya shafi na ci gaba.

"Dada tana tsoron bakin mutane, kuma tana da gaskiya, don ita za ta shiga cikinsu, ba ni ba. Kai ka ba da alkawari, kuma darajar gidan nan a kan alkawarinka take. Da na nemi a ɗage aure, na nemi ku biyu ku ɗauki nauyin abin da ni zan ci amfaninsa. Na janye wannan. Inna kuma tana so ta gan ni a gidanta kafin idonta ya rufe. Wannan ya fi duk dalilaina nauyi, shi ya sa na gyara bukatata. Abin da ya rage shi ne wanda zai zauna da ita in na tafi, Hamma kuma yana daji. Baffa, na yi tunani iyakar iyawata, ba ni da amsar wannan. Ban so in rufe shi da magana mai daɗi ba. Duk da haka ina roƙo a bar ni in je, saboda yaran Mbamba da irinsu."

Na ninke takardar. 

Baffa ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Bobboyi ya ce a ambaci sunansa?"

"Ya ce tare kuka yi karatun allo."

"Hakane. Ya fi ni ƙoƙari ma." Ya juya wajen ƙofa. "Jibrilla, kai ka faɗa mata zancen idon mahaifiyarka?"

"Ni ne, Baffa. Ta tambaya."

"Kana goyon bayan tafiyarta?"

"Ina goyon baya."

Baffa ya dubi takardar da ke hannuna. Sannan ya ce, "Na yi shekaru ina rubuta maganar manya masu gemu a kotu. Kaɗan ne na ji sun ce, nan wurin ba ni da amsa. Maganarki ta tsaya, Raliya. Amma kin yi kuskure ɗaya."

Na ɗago kai na dube shi.

"Kin yi magana a kan baiwar Allah, mahaifiyar Jibrilla, kin auna mata, kin yanka mata, ba ki ji ta bakinta ba. Kai ma haka, ɗanta. Ku biyu kun zauna kuna tausayinta, babu wanda ya tambaye ta."

"Baffa, ai ba zan iya zuwa gidan ba tun ba a…"

"Na sani. Ni zan je."

Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa. Baffa da bai taɓa yarda ya hau babur ba, ranar ya tattare babbar riga ya hau bayan Jibrilla, ya riƙe rawaninsa da hannu ɗaya, suka nufi Jimeta. Dada ta fito daga bayan asabari, idonta ja. Ta gyara min gyalen da ya zame, ta koma ta ci gaba da tankaɗe. Ni kuwa na kasa zama. Na share tsakar gida da aka riga aka share, na cika randunan da suke cike.

Rana ta yi ja sannan muka jiyo babur. Tun daga zaure na ji abin da ban saba ji ba, Baffa yana dariya, irin mai sa mutum tari. Ya shigo har tsakar gida, Jibrilla ya tsaya a soro yana sosa ƙeya kamar wanda aka yi wa wankin babban bargo.

"Za ki Maiduguri," in ji Baffa. "An gama wannan."

Na zube a ƙasa ina godiya. Ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ba ki ji sharaɗin ba. Surukarki ta wanke mu tas. Ta ce wa ya gaya mana ta zama kayan ajiya da za a nema wa mai gadi? Ta ce tun kafin damina likitan ya faɗa a gabanta cewa masu aikin ido suna can babban birni, Maiduguri, ɗanta ya ɗauka ba ta ji Turancin ba, ita kuwa ta tambayi ma'aikaciyar jinya ta fassara mata. Ta yi shiru ne don kada ta ɗora masa wahala ana shirin biki. Kuma ƙanenta yana zaune a Maiduguri da iyalinsa, ya sha aikowa ta zo."

Dada ta saki rariya. "To me take nufi?"

Baffa ya share hawayen dariya, ya dube ni.

"Ta ce a gaya wa amarya ta rage kaya a akwati. Ranar da za ki hau motar Maiduguri, kujerar kusa da taga tata ce."